Waƙar da Ta San Hanya

Hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe tara na safiyar Alhamis, rana ta leƙo bayan yayyafin asuba, na fito daga gida da sabon memorin waya a aljihu, ina tafiya ina taɓa shi kamar zai yi fiffike. Farkon damina ne, lokacin da gulbi ke ja da baya, sai ka taka taɓo mai ɗan nisa kafin ka kai inda muke ɗaure jirage. Ranar ban shiga ruwa ba. Shagon Sahabi na nufa, can bakin kasuwar Wara, inda yake cajin waya yana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai.

Muryar Baba ce ta kai ni. Mahaifina sunansa Ɗangana, masunci ne, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Tun yana da lafiya, wata rana muna dawowa daga duban taru, na ɗauke shi a waya yana tuƙi yana rera waƙarsa ta hanya. Sahabi ya ce in kawo ya ɗora a intanet don 'yan uwanmu na Yelwa da Shanga su gani, ya kuwa ɗora. Bayan rasuwar wayata ta faɗa ruwa da memorinta, kwamfutar Sahabi kuma wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta. Sai ya zama babu inda muryar ta saura sai can intanet. Duk Juma'a ƙanwata Bara'atu kan sa data ta kunna wa Inna, Inna ta zauna gefen bandar kifi ta saurara har ta ƙare. Na daɗe ina cewa zan sayi memori a sauke mana ita mu riƙe a hannu. Yau da gobe, sai ranar Allah ya yi.

"Sahabi ɗan albarka! Ga shi, sabo fil. Sauke mini Baba."

"Oho, Lukman sarkin gaggawa! Shekara biyu kana hanya, yau ka iso. Hawainiya ma ta zo ta koma."

Yana dariya yana danne-danne. Sai na ga dariyar ta tsaya. Inda hoton Baba ya saba fitowa da hular kabarsa, baƙin allo ne kawai da rubutun Turanci. Ya fita ya sake shiga, ya kashe ya kunna.

"Mi ya faru?"

"An rufe ta," in ji shi. "Wani kamfani ya kai ƙara. Sun ce waƙarsu ce munka sata."

"Waƙar wa?"

"Ta Auwal."

Auwal ɗan Garba mai gyaran jirgi ne, tare muka tashi, a jirgin Baba ya koyi riƙon filafili. Yana saurayi ya tafi Kaduna, wani kamfanin waƙa mai suna Gangar Zinare ya ɗauke shi. A shekarar nan ya fito da waƙar Baba an sa mata kiɗan zamani, ta kuwa tashi kamar wutar daji. Mai kabu-kabu ita, gidan biki ita, mai shayi ita. Mu murna ma muke yi, ɗanmu ya kai waƙar gida birni.

Sahabi ya ce wata na'ura ce ke sauraron duk abin da aka ɗora. Ta ji ta kamfani, ta ji ta Baba, ta ce abu ɗaya ne, su kuma ke da takarda.

"To ai ta Baba ta riga tasu hawa da shekara uku!"

"Na'ura ba ta san babba ba, Lukman. Kwana goma sha huɗu sunka bayar. In kamfani bai janye ƙara ba, a goge ta gaba ɗaya."

Na tsaya da memorin a tafin hannu, ɗan abu kamar ɓawon kifi, babu komai a cikinsa.

Ita waƙar nan ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Garinmu na asali, Tungar Magajiya, yana ƙarƙashin ruwa tun da aka tare gulbi, Baba yana ɗan shekara goma. Gidaje sun narke, amma manyan itatuwa sun mutu a tsaye, kututturansu na nan. Idan ruwa ya ja baya, tsakaninsu da cikin jirgi bai wuce taƙi ɗaya ba, ga ruwan damina jajir, ido ba ya gani sai an zo daf. Can tsakiya akwai ɗan tsibiri da muke kira Tudun Masallaci, kifi na son gindinsa. Baba ya shirya waƙar don kada ya manta inda komai yake. Daga wani baƙin dutse ake kashe inji a fara. Kowane baiti tuƙi goma sha biyu ne, ƙarshensa kuma ya gaya maka hannun da za ka bi. Muna ƙanana, in ɗayanmu ya kuskure, sai Baba ya watso masa ruwa da filafili a ƙeya.

Da na gaya wa Inna, tana juya kifi a banda, ba ta ɗago ba.

"Muryar fa?"

"Tana nan, Inna. Ƙofa ce anka rufe."

"Dama ni wagga ta Auwal ba ta kwanta mini ba," ta ce. "Ya sa tsamiya gaban maɗaci."

Sahabi ya rubuta wa kamfanin har sau uku, shiru. Lambar Auwal kuma ba ta shiga. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Inna ta zauna gefen banda a lokacin da ta saba, Bara'atu ta rasa inda za ta sa idonta.

A yammacin Juma'ar ta biyu ina ɗinkin komar kamun kifi, sai ga Sahabi a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Lukman! Suna zuwa! Gobe! Auwal da manajansu, za su ɗauki bidiyon waƙar nan bakin ruwa. Jirgi suke nema mai kyan fenti shi kai su Tudun Masallaci. Na ce musu duk ƙasarmu ta Ngaski babu kamar naka!"

Na wanke jirgin nan har sau biyu kafin magariba.

Safiyar Asabar gari ya tashi tsaye. Motoci biyu suka tsaya bakin ruwa, mutane suka yi dafifi har kan kifaffun jirage. Mata sun bar banda, masu kabu-kabu sun bar layi. Aka saki wani ɗan jirgin sama na ɗaukar hoto mai ƙugi kamar zirnaƙo, tsofaffi na kakkauce masa. Auwal ya fito da sarƙa a wuya da farin takalmi, aka ɗauki ihu. Ya rungume ni sosai, yana ƙamshin turare, amma idonsa bai zauna cikin nawa ba.

Manajan sunansa Wakili, dogo ne mai farin yadi da baƙin tabarau. Na gaishe shi, na jira ya gama waya, na faɗa masa abin da ke tafe da ni a hankali yadda ba kowa zai ji ba.

"Malam, wannan ai maganar ofis ce," ya ce. "Muna da takarda, mawaƙinmu ya sa hannu cewa shi ya ƙirƙira. Kuma ka san mutanenmu, da waƙa ta yi kasuwa kowa sai ya ce ta kakansa ce. Shekaranjiya ma wani ya bugo daga Argungu. Bari mu yi aiki tukuna, rana na yi."

Auwal na gefe yana gyara agogon da bai kwance ba.

Mu biyar muka shiga: ni, da Wakili, da Auwal, da mai kamara, da Sahabi rungume da sifika. Sahabi haifaffen Wara ne amma ko a kwano bai iya iyo ba, tun daga shiga yake karanto duk addu'ar da ya sani. Da muka kai baƙin dutse na kashe inji, na ɗauko filafili.

"Yawwa, miƙa wa Auwal," in ji Wakili. "Shi zai zauna baya ya tuƙa. Kai koma gaba ka kwanta, kada ka fito a hoto."

"Ranka ya daɗe, wurin ga sai da waƙa ake wuce shi."

"Ai waƙar za mu saka."

"Ba waccan ba."

Ya yi dariya, mai kamara ma ya taya shi. Na matsa kusa da Auwal na ce masa, "Kada ka bi waƙa. Dubi hannuna, inda na nuna nan za ka yi." Ya ɗaga kai. Na je gaba na kishingiɗa na ɗaga hannu. Mai kamara ya ce hannun na fitowa, in sauke. Na sauke rabi. Ya ce har yanzu. Na sauke.

Sahabi ya danna sifika. Kiɗa ya tashi a kan ruwa, mutanen gaɓa suka ɗauka da tafi, ɗan jirgin nan na shawagi a kanmu. Wallahi abin ya yi kyau, ni kaina ƙafata na motsi. Auwal ya miƙe wuya, yana tuƙi yana bin muryarsa:

"Tsamiyar maƙera, ina wutarki?
Ruwa ya sha ta, bar ta dama.
Ja filafili, gida na ƙasa."

Shi ne baitin da ya fi daɗi, shi ya sa ya kawo shi farko. A ta Baba na uku ne. Ina jin "bar ta dama" na ji jirgi ya karkata hagu, sumul, yadda aka koya mana. Na yunƙura na ce, "Auwal, a'a!"

Gurum!

Gaban jirgi ya ɗaga sama da ni. Sifika ta sulale ta yi shiru. Tabarau ɗin Wakili ya yi tsalle ya shige ruwa, Sahabi ya maƙale masa wuya yana "La'ilaha illallahu! Na bar shago buɗe!" Mai kamara ya ɗaga kamararsa sama da hannu biyu kamar mai tsallaka rafi da jariri. Jirgi ya zauna daram kan abin da ba a gani, yana ɗan juyawa a hankali, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katako biyu.

"Sake ni, bawan Allah!" Wakili ya ɓamɓare Sahabi ya juyo kaina. "Kai wane irin matuƙi ne? Ba ka san hanya ba?"

"Ba ni ke tuƙi ba, ranka ya daɗe."

Auwal na zaune yana kallon hannunsa da filafili. Gumi ya wanke masa hoda.

"Oga, hannuna ne ya bi waƙa," ya ce. "Ban ma san na juya ba."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Da maɗaci ake farawa, a bar shi hagu. Ni na ɗauko tsamiya na sa gaba. Wanga da muke kai, shi ne maɗacin. Haka Baba Ɗangana ya shirya ta."

"Wane ne Baba Ɗangana?"

Sai Sahabi ya nuna ni da haɓa: "Uban wanga. Wanda kunka rufe."

Na miƙa wa Sahabi robar kwarfa na ce ya yi ta zubarwa. Na naɗe wando na zura ƙafa, na laluba har na taka kututturen, faffaɗa ne kamar turmin gidan biki. Na miƙe tsaye a kai, ruwa iya gwiwa. Mutanen gaɓa suka ga mutum tsaye tsakiyar gulbi, ai sai ihu da guɗa, har nan muna ji. Na ce kowa ya koma baya, na sa kafaɗa na yi bismilla, jirgi ya sulluɓe ya koma ruwa. Na toshe tsagar da tsumma, na mayar da mu baƙin dutse, na zauna mazaunin Baba.

Ni ban taɓa waƙa a gaban mutane ba, muryata irin ta jakin da ya sha sanyi ce. Amma babu wata hanya.

"Auwal, riƙe mini amshi."

Na tsoma filafili.

"Maɗacin Magajiya, mun gaishe ka,
Bar shi hagu, ɗan Sarkawa."

"Ja filafili, gida na ƙasa," in ji Auwal, can ƙasa-ƙasa.

A tuƙi na goma sha biyu na karkata dama. Wani baƙin abu ya wuce ta hagunmu ƙarƙashin ruwa, da sabon tabon fentin jirgina a kansa. Wakili ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Giginyu biyu, 'yan uwan juna,
Ratsa tsakani, ka yi sallama."

Wannan karon Auwal ya buɗe murya, irin muryar da ta kai shi Kaduna, ta bi kan ruwa har gaɓa, tsofaffin da ke can suka amsa masa. Wakili ya nannaɗe hannun farin yadinsa ya tsoma hannu ta dama, ya taɓa kan giginya. Ya rarrafa ɗaya gefen ya taɓa ɗayar.

"Kai! Ga su nan! Biyu ne wallahi! Kana ɗauka? Ɗauki, ɗauki, kada ka tsaya!"

Mai kamara ya juyo da ita kaina, yanzu babu mai cewa in kwanta. Da muka zo baitin tsamiya Wakili da kansa yake ƙirga tuƙin da ƙarfi, tara, goma, sha ɗaya, yana buga gefen jirgi. A na sha biyu na karkata hagu, tsamiyar ta wuce ta dama da rassanta biyu kamar mai miƙa. Ya yi kabbara. Sahabi ma ya manta da mutuwa, yana kwarfa yana rawa da kafaɗa.

Muka sauka Tudun Masallaci. Ba wani abu ne a wurin ba sai ciyawa da 'yan duwatsun tushen gini, amma nan waya ta fi samun sabis a duk yankin. Wakili ya zauna kan dutse yana matse hannun rigarsa, ya dubi Auwal.

"Auwal, ka san abin da ka jawo mana?"

"Oga, takardar layi ɗaya gare ta na suna. Na ce ta gida ce, anka ce gida ba ya sa hannu. Sai na sa nawa." Ya juyo gare ni. "Lukman, na ga kiranku. Kunya ce ta hana ni ɗauka."

Na ce masa ba komi. Da gaske kuma har raina ba komai, tunda ga shi ya faɗa da bakinsa.

"To kai me kake so?" in ji Wakili. "Mu sauke tamu?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tashi ta yi daɗi, a bar mutane su ji. Ni dai ƙofa nike so a buɗe, Inna ta ji mijinta. Laraba za a goge."

Ya dube ni kamar akwai sauran magana, ni kuwa ta ƙare. Ya ciro waya ya hau kan dutse mafi tsawo, ya yi ta Turanci da wani yana nuna ruwa da hannu, kamar wancan na gani. Da ya sauko ya ce maganar sa sunan Baba a takarda sai lauyansu ya zauna, amma janye ƙara an ce Litinin.

Litinin na wuni shagon Sahabi, baƙin allo. Na koma gida na ce wa Inna sabis ne babu. Talata na kasa zuwa, na zauna bakin ruwa ina like tsagar jirgi. Bayan la'asar na jiyo ana kwaɗa mini kira tun daga kasuwa.

"Hawainiya! Kai hawainiya! Kawo memorin!"

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na tarar shagon cike, an bar cajin waya an zagaye kwamfuta. Ga Baba nan da hular kabarsa, yana tuƙi, rana na dukan gefen fuskarsa. Sahabi ya hana kowa numfashi har ta gama sauka. Ya sa mini a waya, ya kunna ya tabbatar, ya kashe data ya sake kunnawa don in gani da idona cewa yanzu a hannuna take. Mutane na ta dukan bayana. Ya cusa mini wayar a aljihu ya ce in ɓace masa daga shago, ina hana shi ciniki.

Inna na gefen banda. Na ajiye wayar kan kujerar tsugunne na danna. Da muryar ta fito sai hannunta ya tsaya kan kifi. Bara'atu ta fito daga ɗaki da gudu ta durƙusa. Inna ta saurara tun daga maɗaci har masallaci, ta sa gefen zane ta share ido, ta ce hayaƙi ne.

"A gaya wa Auwal shi gyara tashi," ta ce. "Yara na rera ta baibai, wata rana wani zai shiga jirgi da ita."

Na ce zan gaya masa. Ta ce in sake kunnawa.

Da na je cire riga in yi alwalar magariba, na ji wani ɗan ƙulli a aljihun da wayar ta fito. Leda ce an naɗe ta ninki-ninki, an ɗaure tam da robar tayar keke yadda ruwa ba zai shiga ba. Na kwance. Wani memori ne, ba nawa ba, an manna masa 'yar takarda da rubutun Sahabi mai kama da tafiyar kaza: Baba. Na mayar na ɗaure, na ba Inna ta sa cikin kwallarta.

Washegari na bi ta shagon da niyyar magana. Na tarar da shi ya kafa gardamar ƙwallo da masu kabu-kabu, jijiyar wuya a tashe. Ya ɗago mini hannu bai ko juyo ba, ya ci gaba da gardamarsa, ni kuma na gangara bakin ruwa.